Labarin Zane Tsakanin Yaro da Mahaifi: Nazari Daga Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda ya saba shiga layukan masu littattafai da kayan rubutu a Kasuwar Sabon Gari, wadda a takardun hukuma ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ya san abin da ake ciniki a kai. Akwai littattafan makaranta, waɗanda iyaye ke zuwa saye da jerin sunayensu a hannu duk farkon zango. Akwai na addini. Akwai labaran soyayya da na yaƙi, ko da yake wayar hannu ta rage musu kasuwa. Sai kuma biro da fensir da kala da kwali da littafin rubutu, katan-katan, ana saukewa ana lodawa zuwa garuruwan Arewa har da Nijar. Abin da mutum zai sha yawo kafin ya samu shi ne littafin Hausa na yara wanda zane ke ɗauke da labarinsa gida-gida, mutanen ciki suna magana da bakinsu a cikin da'ira. Kayan yin irin wannan littafi duk suna nan a layi guda, littafin kansa ne ya yi ƙaranci.

Wannan nazari ya dubi wuri mafi ƙanƙanta da ake iya haifar da irin wannan labari, wato tsakanin yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da falle ɗaya na takarda a gabansu. Abin da nake son kafawa shi ne aikin yana yin kyau idan labarin na yaron ne, babba kuwa hannu ya ara masa. Al'adar gidan Bahaushe tana da abin da ke sauƙaƙa wannan, tana kuma da abin da ke wahalar da shi, kuma wanda bai san duka biyun ba zai yi ta kwaikwayon abin da ya gani a waje ba tare da ya zauna masa ba.

Labarin zane ba baƙo ba ne a Kano, kuma ta Sabon Gari ya fi shigowa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo layin dogo daga Kudu. Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko shi ya riƙa dawowa da jaridu da mujallu. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 samari a biranen Nijeriya sun yi yayin mujallar African Film ta kamfanin Drum, wadda ke jera hotunan jarumi Lance Spearman gida-gida, maganarsa na cikin da'ira a saman kansa. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya samo asali, daga baya ya ƙaro Binta domin yara. Bayan shekara ta 2000 Supa Strikas, labarin 'yan ƙwallo da ya taso daga Afirka ta Kudu, ya shiga hannun 'yan makaranta. Ga kuma kalandun nan da ake yawo da su a tasha da bakin kasuwa, masu jera hotunan wani abin al'ajabi ko wata ta'asa da ɗan rubutu a ƙarƙashin kowane hoto. A jarida, zanen barkwancin Mustapha Bulama na Daily Trust ya nuna cewa Arewa tana da hannu mai kaifi, sai dai da manya yake magana, a kan siyasa. Ko labarin da ya ɗebo daga tarihinmu, irin Malika na Roye Okupe, wanda ya fito a 2017 kuma ya yi aro daga Sarauniya Amina ta Zazzau, da Turanci ya zo.

Ke nan ido ya daɗe da sabawa. Harshe da shekarun mai karatu ne ba su dace ba: abin da ya zo da zane ya zo da Turanci ko buroka, abin da ya zo da Hausa kuma galibi ya zo da rubutu zalla, domin manya.

Me ya hana Adabin Kasuwar Kano cike wannan gurbi? Wannan adabi, da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna, ya taso ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, manyan kamfanonin ɗab'i irin NNPC na Zariya suka ja baya. Matasa, mata da maza, suka riƙa rubuta labari a littafin rubutu na makaranta, su kai wa mai keken rubutu, su kai ƙaramar maɗaba'a, su kawo wa dillalan littattafai a Sabon Gari da sauran kasuwannin gari. Haka Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna na 1991, suka samu masu karatu daga Kano har Maraɗi. Amma zane bai wuce bango ba. Ko littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari ke saye saboda jaruman da aka zana a bangonsu, da an buɗe ciki sai rubutu.

Dalilin lissafi ne. Kamfanonin takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe, takarda daga waje ake kawo ta, farashinta yana bin dala. Shafi ɗaya na rubutu yana ɗaukar ɗaruruwan kalmomi, shafin zane kuwa 'yan kaɗan, saboda haka labarin da zai shiga ƙaramin littafi guda da rubutu sai ya ci ninkin takardar idan an zana shi. Bugun kala yana buƙatar faranti huɗu inda baƙi da fari ke buƙatar ɗaya. Marubuciya ba ta biyan kanta ladan rubutu, mai zane kuwa sai an biya shi shafi-shafi. Mai saye, ko mai karɓar haya, yana auna littafi da tsawon lokacin da zai ɗebe masa kewa, labarin zane kuwa a zama ɗaya ake gama shi. A kan wannan duka, yaro ba shi da kuɗin kansa, uba kuma abin da makaranta ta rubuto shi yake saye. Ɗan kasuwar da ya ga yadda gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya ba zai zuba jarinsa a hajar da bai san mai sayenta ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai wannan adabi ya bar gado guda da ba a cika ƙirga shi ba. Ya samar da iyaye mata masu yawa da ke karanta Hausar boko gar-gar, waɗanda da yawansu littattafan soyayya ne suka riƙe musu karatun bayan sun bar makaranta. Uwar da ta karanta labari ɗari ta san yadda ake buɗe labari, ta san inda ake dakatawa a ja rai, ta kuma iya rubuta abin da aka faɗa mata da Hausa. Rabin aikin labarin zane ke nan a hannunta.

A gidan Bahaushe labari daga sama yake gangarowa. Kaka ko uwa ko goggo ce ke yin tatsuniya da dare, yara su amsa, su yi amshin waƙa, su yi dariyar Gizo, su tsorata da Dodo, amma linzami yana hannun babba. Da tatsuniya ta shiga takarda ma haka ta ci gaba: Frank Edgar ya tattara nasa daga hannun malamai, aka buga su littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari domin ya riƙe shi a gida, a littafi na uku kuma yana horar da ɗansa Fasih. Wannan shi ne hoto mafi kusa da muke da shi a rubutaccen adabi na uba da ɗa a kan sana'ar labari, kuma a cikinsa uban ne mai sani, ɗan mai koyo.

Amma akwai wata hanyar labari a cikin gida wadda ke haurawa daga ƙasa zuwa sama, ko da yake ba a ɗauke ta adabi ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan da ke kulle suka dogara da yara wajen talla da aike da sayayya, da kuma kawo labarin abin da ke faruwa a waje. Yaron da ya dawo daga aike yana haki yana cewa, "Umma, kin san me ya faru a bakin titi?" mai ba da labari ne cikakke. Yana kwaikwayon murya, yana nuna yadda mai kura ya faɗi, yana ƙara gishiri, uwa kuma tana tambaya, "Sai aka yi yaya?" A ganina wannan zama, wanda kowane gida ya sani, shi ne asalin da labarin zane tsakanin yaro da mahaifi zai tsiro a kai a ƙasar Hausa, fiye da zaman tatsuniya.

Misalai biyu daga waje suna taimakawa wajen ganin yadda ake raba aikin. A Faransa, a 1930, Cécile de Brunhoff ta ƙirƙiro wa 'ya'yanta biyu, Laurent da Mathieu, labarin wani ɗan giwa lokacin kwanciya. Yaran suka kai wa mahaifinsu Jean, wanda mai zane ne, suka nemi ya zana musu. Littafin Babar na farko ya fito a 1931. Jean ya rasu a 1937, Laurent ya girma ya ɗauki aikin daga 1946. A nan uwa ce ta ƙirƙira, uba ya zana, yara suka zama masu kai saƙo da masu hukunci a kan abin da ya yi daɗi. Misali na biyu ya fi kusa da abin da nake nufi. A ƙarshen 2009, a Amurka, Ethan Nicolle, mai zane ɗan shekara 29, ya riƙa wasa da ƙanensa Malachai ɗan shekara 5, yana yi masa tambayoyi, yaron yana faɗin abin da ya faru da wani ɗan sanda mai gatari. Ethan ya zana abin da aka faɗa masa da cikakkiyar ƙwarewa, bai daidaita hankalin labarin ya koma na manya ba. Axe Cop ya bazu a intanet, aka buga shi littafi, a 2013 ya zama katun a talabijin. Abin da ya ja mutane shi ne haɗuwar tunanin ɗan shekara biyar, wanda ba ya tsayawa neman dalili, da hannun babban da ya ɗauki tunanin da muhimmanci.

Na ga irin wannan zama a wani ɗan shago a kasuwar, ranar Asabar da hantsi, ciniki bai kankama ba. Uban ya yanko bayan kwali, ya sa rula ya ja gida shida. Yaron, wanda bai wuce shekara bakwai ba, sunan kakansa ya ci, don haka uban "Babana" yake ce masa. Ya durƙusa a kan buhu, ya zana Adaidaita Sahu a gidan farko, ƙafafun nan uku duk a jere a gefe guda, ya zana wata dabba mai manyan haƙora tana tsaye a gefe.

"Abba, rubuta: kura ta ce a kai ta 'Yan Kura."

Uban ya zagaya da'ira a saman kan dabbar, ya rubuta da manyan baƙaƙe, yaron yana bin bakin biron da ido.

"To Babana, me direban ya ce?"

"Bai ce komai ba. Gudu ya yi."

"A ina zan ga ya gudu? Ni dai ga shi nan zaune."

Yaron ya yi shiru, ya ciji gindin fensir. Sai ya koma gida na biyu ya sake zana Adaidaita, wannan karo ba kowa a ciki, ya zana silifas ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ja layuka uku a bayansa. A gida na uku kura ce a mazaunin direba. Uban ya buɗe baki zai ce wani abu, da alama zai tambayi yadda kura ta iya tuƙi, sai ya fasa, ya ce, "Sai ina ta nufa?"

Abubuwa uku ne suka faru a wannan ɗan lokaci, kuma kowanne yana da bayani a wajen masana.

Na farko ya shafi yadda labarin zane ke aiki. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya yi bayanin cewa ƙarfin wannan fasaha yana cikin ratar da ke tsakanin gida da gida, inda mai karatu ke cike abin da ba a nuna masa ba. Yaron nan bai zana direba yana gudu ba. Ya zana abin da gudu ya bari, ya bar mai kallo ya haɗa. Wannan tunani ne mai zurfi a kan sababi da sakamako da tafiyar lokaci, kuma tunani ne a kan wani mutum daban: me wanda bai ji labarin daga bakina ba zai gane idan ya kalli takardar? Yaro mai ba da labari da baki yana da hannu da murya da fuska su taimake shi. A takarda duk an ƙwace masa waɗannan, dole ya zaɓi abin da zai nuna. Wannan zaɓi shi ne abin da malamin insha'i ke shekaru yana fama ya koyar.

Na biyu shi ne matsayin tambaya. Masanin halayyar koyo ɗan Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi magana a kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi sani ya tallafa masa, ya ce a wannan tazara koyo ke faruwa. Da uban ya karɓi fensir ya zana direba a guje, da an samu zane mai kyau, yaron kuma bai ƙaru da komai ba. Da ya yi shiru, da an wuce gida na biyu ba a san akwai giɓi ba. Tambayar "a ina zan ga ya gudu?" ta nuna giɓin, ta bar wa yaron cike shi. Vivian Paley, malamar ƙananan yara a Chicago, ta gina aikinta na shekaru a kan abu mai kama da haka: yaro ya faɗi labari, malama ta rubuta daidai yadda ya faɗa, sannan aji ya yi wasan kwaikwayonsa.

Na uku shi ne rubutun kansa. Yaron ya ga maganar da ta fito daga bakinsa, da harshensa, ta zama baƙaƙe a gabansa, kuma zai iya karanta ta gobe domin ya san abin da ta ce. Yaron Kano da yawa yana fara haɗuwa da boko ne ta kalmomin Turanci da bai san ma'anarsu ba, ya haddace sura da sauti ba tare da ma'ana ba. Da'irar magana gajera ce, kalma huɗu ko biyar, ga hoto a ƙasa yana tuna masa abin da aka ce. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, shirye-shirye irin RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun buga littattafan karatu na Hausa masu hotuna, kuma aiki ne mai amfani. Amma littafin da aka rubuta wa yaro daban, wanda ya rubuta da bakinsa daban.

Akwai haɗari guda da ya fi kama iyayen da suka iya zane ko suka yi karatu mai zurfi. Viktor Lowenfeld, a 1947, ya bayyana matakan zanen yara: jagwalgwalo a shekarun farko, sannan alamomi masu ma'ana, sannan tsayayyen salo wajen shekara bakwai zuwa tara, inda yaro ke da hanyarsa ta zana mutum da gida da mota. Daga wajen shekara tara yaro kan fara kwatanta zanensa da abin da ido ke gani, ya ga bai yi kama ba, da yawa kuma a nan suke ajiye fensir har abada. Baban da ya riƙa gyara ƙafar Adaidaita yana cewa ba haka take ba, yana gaggauto da wannan rana ce. Labarin zane bai damu da kama ba, ya damu da a gane. In an gane kura ce, kuma an gane ita ce dai a gida na uku, zane ya yi aikinsa.

Yanzu ga abin da ke wahalarwa. Kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya tana da ƙarfi a gidan Bahaushe, musamman ga ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa so a gaban mutane, uba ma yana ja baya da shi. Zama kafaɗa da kafaɗa ana dariyar kura mai tuƙi yana buƙatar sakin jiki da ba kowane uba zai yi da kowane ɗa ba. Ga kuma lokaci: ɗan kasuwa yana fita da safe, ba ya shiga gida sai bayan magariba ko isha, yaro kuma ranarsa ta rabu tsakanin boko da Islamiyya da aike. Wanda ya ce kowane uba ya zauna da ɗansa kowane dare su yi zane bai san gidajenmu ba.

Sai dai al'adar da ta sa kunya ita ta buɗe ƙofofin wasa. Kaka da jika abokan wasa ne, tana kiransa mijinta, yana tsokanarta ba a ce ya yi rashin kunya. Ɗan da ya ci sunan kaka yana samun sassaucin da sauran ba sa samu, kamar yadda muka gani a shagon nan. Auta yana da nasa gata. Kawu da ƙanwar uwa da yaya duk suna da sararin da uba ba shi da shi. Ba abin mamaki ba ne cewa ɗaya daga cikin misalan da suka shahara a duniya, Axe Cop, na wa da ƙane ne. Saboda haka idan ana maganar "mahaifi" a wannan aiki a Kano, kamata ya yi a faɗaɗa shi ya haɗa duk babban da yaro ke iya ce wa "a'a, ba haka ba ne" ba tare da an ɗaga masa gira ba. Wannan shi ne ma'aunin: in yaron ba zai iya ƙin shawarar babban ba, labarin ya tashi daga nasa.

Batun addini ma ba a tsallake shi, domin uba da yawa zai fara tambayar hukuncin zana mai rai. Hadisan da suka tsananta a kan yin sura sanannu ne, kuma akwai malaman da suka hana zanen mai rai kowane iri. Malaman Malikiyya, a sharhohin Mukhtasar na Khalil, sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda ba su kai shi ga haramci ba. Akwai kuma rangwamen da malamai suka yi wa kayan wasan yara, bisa hujjar 'yan tsanar Nana A'isha. A ruwayar Abu Dawud, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. Kowane gida zai bi malamin da ya natsu da shi. Gidan da ya zaɓi kauce wa fuska yana da hanya: labari na iya tafiya da motoci da gidaje da sawun ƙafa da muryoyin da ke fitowa daga bayan ƙofa, kuma zayyanar allo da zanen bangon gidaje da aikin hula sun nuna cewa hannun Bahaushe ya daɗe da sanin layi da launi. Abin da ya kamata a nisanta kwata-kwata shi ne zana annabawa da sahabbai. Ko The 99 na Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait, wanda ya fara fitowa a 2006 da jarumai masu ɗauke da siffofin da aka ɗebo daga sunayen Allah kyawawa, ya gamu da fatawar hani a Saudiyya a 2014.

Jarrabawar da ta fi zuwa wa babba, a ganina, ita ce ta wa'azi. Mun taso a kan cewa labari sai da darasi, don haka hannu yana ƙaiƙayi ya sa kura ta gamu da sakamakonta a gida na shida. Yaro kuwa wani lokaci yana zana abin da ke damunsa ne: wuta, 'yan daba da wuƙa, malami da bulala, jaririn da aka haifa ya ƙwace masa goyo. Uwar da ta ga haka ta yi saurin cewa "subhanallahi, goge wannan" ta rufe ƙofar da yaron ya buɗe mata. Wadda ta ce "wane ne wannan mai wuƙar, a ina ka gan shi?" za ta ji abin da ba za a faɗa mata kai tsaye ba. Tarbiyya tana da lokacinta, kuma ta fi shiga bayan an saurara.

Idan yaro ya girma, aikin yana iya juyawa, mahaifi ya zama mai faɗa, ɗa mai zane. Misali mafi girma shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda ya zauna da mahaifinsa Vladek, Bayahuden Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, yana ɗaukar maganarsa, ya zana ta. Kashi na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, aka ba shi lambar Pulitzer a 1992, shekara goma bayan rasuwar uban. Fagge da Sabon Gari cike suke da iyaye da kakanni masu irin wannan kaya a ƙirji. Akwai 'yan tsirarun da suka ga rikicin watan Mayu na 1953, akwai waɗanda suka ga rikicin 1966 da komowar 'yan Kudu bayan yaƙin basasa, akwai waɗanda suka kwana cikin fargabar Maitatsine a Disambar 1980, da waɗanda suka ji ƙarar bam ɗin tashar New Road a watan Maris na 2013, da waɗanda suka tsaya suna kallon jarinsu yana ci da wuta a 2016. Akwai kuma labaran da ba na tashin hankali ba: yadda aka zo Kano da jaka ɗaya, yadda aka fara da tebur kafin shago, maƙwabcin wata ƙabila da ya ba da bashin farko.

Yawancin wannan ba a faɗa wa 'ya'ya, kuma ɗa ba ya iya zama gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, yaya ka ji a ranka ranar nan?" Kunya ba za ta bari ba, daga ɓangaren biyu. Amma mai zane dole ya yi wasu tambayoyi na daban, ƙanana, waɗanda ba su da nauyi a baki. Ƙofar shagon ta katako ce ko ta ƙarfe? Wace riga ka sa? Ta France Road kuka fita ko ta Bata? Wa ke gabanka, wa ke bayanka? Dattijon da ba zai taɓa cewa ya ji tsoro ba zai iya faɗin cewa takalminsa ɗaya ya cire a hanya bai koma ɗauka ba, ya faɗi sunan layin, ya karɓi fensir ya gyara wa ɗansa inda kwanar take.